Kyamara a Hannun Hagu

Asabar, da hantsi

Ɗana ya kawo kyamarar. A baƙar leda ya kawo ta, kamar wanda ya sayo nama, ya ajiye a kan tebur kusa da kwalaben maganina. Bai zauna ba. Ya ce 'yarsa Rema ce ta ce a dawo mini da kayana, wai ta gode. Na tambayi jikin nata, ya ce da sauƙi, an sallamo ta, tana gida. Na tambayi hannun. Ya dubi agogonsa ya ce ya bar mota a inda ba a tsayawa.

Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Baba, don Allah ka bar yarinyar nan ta huta. Kada ka kira ta da zancen hoto ko na dutse. Abin da ya faru ya isa."

Na ce to. Me zan ce? Ni na saya mata takalmin hawan dutse na farko, ni na ba ta kyamarar. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, amma maganar ta zauna a ɗakin bayan tafiyarsa, ta ƙi fita.

Na riga na fito da kofi biyu kafin in tuna.

Asabar, da yamma

Ban buɗe ledar ba. Na ɗora ta a kujerar da Rema ke zama, na ga abin bai yi ba, na mayar da ita kan tebur.

Lahadi, da safe

Na buɗe.

Ita ce kyamarata ta ƙarshe kafin in rufe shagon hoto, baƙin ƙarfe, mai nauyi kamar dutsen guga. Kusurwa ɗaya ta lotsa. Gilashin kariya na gaba ya tsattsage, amma da na kwance shi sai na tarar idon kansa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na kara ta a kunne na girgiza, ba abin da ke motsi. Waɗanda suka ƙera ta sun ji tsoron Allah.

Da fim a ciki, bai ƙare ba. Ban taɓa maɓallin ba. Abin da ya rage nata ne.

Maratayin fatar na nan, wanda na yi shekaru ina rataya ta da shi a wuya. Ya yi laushi da gumina. A gefe ɗaya akwai wani tabo da ba nawa ba. Na cire shi na sa a aljihun tebur, ita kuma na mayar da ita kan kantar da ke jikin bango, gurbin da take kafin jikata ta zo ta yi mini fashi da rana tsaka. Haka ta ce ranar: "Ango, ka tsufa, idonka ya mutu, ka sakar mini kishiyar nan tawa in ba ta aiki." Ni na sa mata Rema tun tana 'yar mitsitsiya, don ba katangar da ba ta hau ba, kamar 'yar dabbar nan ta kan duwatsu. Ita kuma ta sa mini Ango. Da ta girma sai wasa ya zama sana'a: tana lilo a igiya a jikin dutse tana ɗaukar hoton masu hawa. Kowace Asabar ta hauro benen nan da abin da ta ɗauko, in kushe, ta yi gardama, mu sha shayi. Tun rasuwar kakarta ba wanda ke hauro matakalar nan don ni, sai ita da mai karanta mita.

Talata, da rana

Ba ta kira ba.

Laraba, da yamma

Na yi baƙuwa. Ƙawar Rema, wadda ke riƙe mata igiya idan suna hawa. Sunanta ya shige mini, Mai Igiya nake ce mata, ita ma ta saba. Ta zo da lemo, ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci.

Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce Rema na sama, ita tana ƙasa tana sakar mata igiya. Kyamarar na wuya, an tura ta baya ta ƙarƙashin hammata kamar kullum. Da Rema ta miƙa za ta kama wani ɗan tudu, sai kyamarar ta zamo gaba ta bugi dutse, zoben da ke riƙe maratayin ya buɗe ta gefe ɗaya. Rema ta ga tana sulalewa. Ta saki dutse ta cafke ta.

Igiya ta riƙe ta, hular kwano ta yi aikinta. Amma igiya in ta riƙe mutum takan dawo da shi jikin dutsen, kuma hannun ne a tsakanin ƙarfe da dutse.

Na dama ne.

Ta faɗa mini abin da Rema ta fara tambaya da aka sauko da ita. Ba zan rubuta shi ba.

Na ce me likita ya ce. Ta ce ana gashi, babban yatsa da na kusa da shi ne dai. Ta tsaya a nan, na bar ta. Ta ce Rema ba ta fita daga ɗaki, ta juya hotunan da ke bango sun fuskanci bango, kuma ta ce wanda ba zai iya ɓalla maɓallin rigarsa ba ina shi ina kyamara.

Da za ta tafi na ce ta riƙa zuwa. Ta ce za ta zo. Na ga alamar ita ma ba ta da wurin kai wannan maganar.

Alhamis, da asuba

Na tashi da abu ɗaya a kaina. Duk kyamarar da na taɓa riƙewa a duniya, maɓallin ɗaukarta a dama yake. Duk. Shekara da shekaru ina wannan aiki ban taɓa lura ba, kamar yadda mutum ba ya lura da hancinsa.

Juma'a, da hantsi

Malaminmu na firamare yakan bugi hannun duk wanda ya kama alli da hagu. Allah Ya jiƙansa, bai san me zai zo ba.

Ina zaune ina juya kyamarar a cinya sai na tuna babbar kyamarar katako da na koyi aiki da ita, mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. In ka shiga ƙarƙashin ƙyallen, duk wanda ke gabanka a kife za ka gan shi, kai ƙasa ƙafa sama. Na ga alƙalai a kife, na ga amare a kife, na ga wani babban ɗan kasuwa da tumbinsa yana reto kamar tulu. Ba wanda ya taɓa dawo mini da hoto ya ce ya fito a kife. Juya takarda kawai ake yi.

Sai na kifa kyamarar. Na kama ta da hagu. Maɓallin ya sauko ƙasa, ya zauna daidai kan babban yatsana kamar an auna. Na kai ta ido, jikinta ya kwanta a goshina, goshi ya zama hannu na biyu. Abin murɗa fim ma yatsan na kaiwa gare shi in an saba. Nisan da za ta ɗauka kuwa tun a ƙasa ake saita shi a manne da salatif, yadda muke yi a filin wasa in 'yan gudu sun taho.

Na yi dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni.

Na ɗauki waya, na tuna na ce to. Na ajiye.

Asabar, da yamma

Kofi ɗaya na fitar. Bai fi biyu daɗi ba.

Litinin, da rana

Na sauka wurin Baduku, mai ɗinkin jaka da takalmi a ƙasan benenmu. Rabona da sauka har na manta launin ƙofar waje. Ya ga na fito da sanda ya ce, "A'a, Mai Hoto, ashe kana da rai? Mun ɗauka ka koma hoto."

Na ce masa jaka nake so, wadda kyamara za ta shiga a kife, a zaro ta da hannun hagu kaɗai, a mayar da hannun hagu kaɗai. Ba zik, don zik sai an riƙe masa gindi. Ba abin da zai taɓa wuya. Ya saurara yana tauna zare, sannan ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ce ai ban ce ya ɗinka wa jinka jaka ba.

Bai tambayi ta wa ce ba. Unguwar nan ba abin da ba ta sani.

Talata, da safe

Ba zan kai wa yarinya abin da ban gwada ba. Na ɗaure hannuna na dama a jikina da tsohon gyalen kakarta, na ce daga yau hagu ce ke mulki.

Shayi ya zube. Sukari ya zube. Murfin kwalbar magani ya gagare ni har sai da na matse ta a tsakanin gwiwoyi. Na tsaya gaban maɓallin rigata na ɗan lokaci.

Na bar rigar a buɗe.

Laraba, da hantsi

Maƙwabciya ta ganni a baranda da hannu a ɗaure, ta saki bokiti ta fara salati, wai ɓarin jikina ya shanye. Na ce mata aiki nake. Ta ce wane irin aiki ne ake ɗaure wa mutum hannu kamar ɓarawo. Ta tafi tana gunaguni, ta dawo da miya a kwano da cokali, ta tsaya a kaina har na cinye da hagu. Rabin ya tafi a gemu. Ta ce mijinta ma da taurin kai ya rasu, amma shi aƙalla da hannu biyu.

Juma'a, da yamma

Jakar ta fito. Fata mai kauri, soso a ciki, murfi mai maganaɗisu da yatsa ɗaya ke ɗagawa. Na sa Baduku ya yi mata maɗauri ta zauna a ƙirji, don a ganina nan ne kusa da ido.

Mai Igiya ta zo ta gani. Yarinyar na da kunya, ta daɗe tana yabon ɗinkin. Na ce ta faɗi abin da ke bakinta. Ta ce in tashi in manna cikina da bango kamar zan hau. Na manna. Jakar ta tokare ni, ta tura ni baya, ƙafafuna suna nan amma nauyina ya bar su.

Ta ce, "Kaka, a dutse ƙirji na dutse ne. Duk abin da ya shiga tsakaninku, shi zai raba ku."

Ni a ƙasa na yi aikina duk rayuwata, ina zan sani? Ta nuna mini a jikinta: a ƙugu, ta hagu, can baya kaɗan, a jikin ɗamarar hawa, inda ba za ta goga dutse ba kuma ba za ta shiga hanyar igiya ba. Ta ce kuma kyamarar kanta tana son tata 'yar igiyar, daga gindinta zuwa ɗamara, da ƙugiya mai kulle, ba zoben makulli irin nawa na dā ba. Kuma ba a zaro ta sai mutum ya maƙale kansa ya zauna a igiya, hannu ya huta.

Na ce me ya sa ba su yi haka tun farko ba. Ta ce ta sha yi wa Rema magana, ita kuma ta ce yadda na ba ta haka za ta riƙe ta, ba za ta cire maratayin Ango ba.

Ta bar mini tsohuwar ɗamararta da ƙugiya ɗaya.

Asabar

Ban tashi ba sai da rana ta yi tsaka.

Lahadi, da yamma

Wai, "Ta Ango ce, ta fashe?" Abin da ta tambaya ke nan. Ga shi na rubuta.

Litinin, da rana

Baduku ya farke ya sake. Ya yi mitar fatarsa, na yi mitar kuɗin shayin da yake sha a wurina tun yana saurayi, muka tashi ba wanda ya ci wani. Na kai masa maratayin. Na ce ya yanka ya yi wa bakin jakar baki da shi. Ya juya shi ya ga tabon, ya dube ni, ya yanke wurin ya sa a aljihunsa. Ba zai ƙara hawa wuyan kowa ba.

Ya sa ni na sa ɗamarar a gaban shago don ya auna. Ta yi mini yawa har ya ƙara huji. Masu wucewa suka tsaya. Ya ce da su su matsa, tsoho zai hau sama tun kafin a kira shi.

Laraba, da hantsi

Matakalar benenmu tana zagaye, da rami a tsakiya har ƙasa. Ita ce dutsena. Daga ƙofata zuwa rufi hawa biyu ne, rabona da su tun ana shanya kayan kakar Rema.

Na sa ɗamara, na ɗaure hannu, kyamara a jaka. Ba sanda, don hagu na kan ƙarfen riƙo. Jakar ta zauna shiru a ƙugu, ba ta reto, ba ta bugun komai, har na manta da ita. Na kai kwana na farko, na jingina, na huta, na zaro. Ta fito a kife ta zauna a goshi. Kamar an yi ta don haka.

A wurin mayarwa ne. Bakin jakar ya kuɓuce mini, kyamarar ta zame ta bi ta ramin.

Ban yi shawara da kowa ba. Jikina duka ya bi ta. Hannun da ke ɗaure ya fizgi gyalen, na hagu ya miƙa cikin iska, ƙirjina ya daki ƙarfe. Da ƙarfen ya gaza kamu ɗaya da yanzu wani ke rubutu.

Ita kuwa tana nan tana lilo a 'yar igiyarta, a gefen gwiwata, ko a jikinta.

Na zauna a matakala ina haki. Na san da igiyar. Ni na ɗaura ta da safe. Amma hannu bai sani ba.

Laraba, da yamma

To ashe jaka rabin aiki ce. Na yi ta tunanin yadda za a hana kyamara faɗuwa, alhali abin da ya kamata shi ne a koya wa hannu ya bar ta ta faɗi. Abin da ke da igiya ba a kai masa hannu.

Haƙarƙarina na ciwo. Ban faɗa wa maƙwabciya ba.

Alhamis

A kwance.

Juma'a, da rana

A kwance. Maƙwabciya ta gane. Ta ce ko in kira ɗana ko ta kira.

Asabar, da hantsi

Na tashi. Na fara a kan katifa: in zaro, in kai ido, in buɗe yatsu. Sau na farko hannun ya zabura. Na biyu ma. Na yi ta yi, ina ce wa hannun, kai dai zauna, ba ruwanka. Abin da wuya, a saki abin da aka riƙe tun ƙuruciya. Kafin azahar ya fara jin magana.

Ba ta kira ba. Amma yau ban zauna jiran waya ba, aiki ya yi mini yawa.

Lahadi, da yamma

Maƙwabciya ta cika alkawari. Ɗana ya tarar da ni a kwanar matakala, da ɗamara a kan wando, hannu ɗaure da gyalen uwarsa.

Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai yau, kuma ko yau ɗin ƙasa-ƙasa ya yi, don benen na da kunne. Ya ce ɗaya bai ishe ni ba sai na ƙara masa na biyu? Ya ce yana da 'ya a ɗaki da ba ta cin abinci sai an yi da gaske, matarsa na kuka a kicin, shi kuma yana zuwa ofis yana kallon bango, yanzu kuma a kira shi a ce uban nasa na wasan biri a bene. Ya ce in cire wannan abin mu shiga ciki.

Na bar shi ya gama. Gaskiyarsa ce, kuma rabonsa da yi mini magana mai tsawo haka tun yana makaranta.

Na ce ban kira ta ba, kamar yadda na yi alkawari. Na ce ya ba ni minti ɗaya, sannan in cire.

Na jingina da bango, na zaro da hagu, na kai goshi, na nuna masa yatsana a kan maɓalli. Sannan na miƙa hannu saman ramin na saki.

Shi ne ya zabura. Ya yi tsalle zai cafke, da takalminsa na ofis. Ni ko gezau. Kyamarar ta tsaya tana reto a tsakaninmu.

Ya daɗe yana kallon ta. Ya kalli hannuna na hagu, ya kalli gyalen. Sannan ya dube ni.

"Da hagu kaɗai?"

Na ce da hagu kaɗai.

Ya ciro wayarsa. "Sake, Baba. A hankali."

Na sake. Ya ɗauka, kuma ya ɗauka a karkace, ɗan mai hoto guda, ya yanke mini rabin kai. Na ƙyale shi. Ya kwance mini gyalen da kansa, ya ninke, ya raka ni ɗaki yana riƙe da gwiwar hannuna. Ya sha shayi. A kofin Rema na zuba masa.

Litinin

Shiru.

Talata

Shiru. Na shayar da shukar baranda, na goge kantar. Wataƙila bai nuna mata ba. Wataƙila ya nuna.

Laraba, da yamma

Waya ta yi ƙara. Saƙon murya. Sai da na kira maƙwabciya ta buɗe mini, don ban san inda ake dannawa ba.

Muryar ta dushe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ba gaisuwa, ba tambayar jiki.

"Ango, igiyar nan ta yi tsawo. In ta faɗi a dutse sai ta bugi gwiwa ko ta maƙale a tsaga. Daga ƙugu zuwa ido kawai ake so. Kuma wa ya sa maka ɗamara a karkace?"

Shi ke nan.

Maƙwabciya ta ce wannan wace irin jika ce marar kunya. Na ce ta sake kunna mini. Ta kunna har ta gaji ta koya mini inda ake dannawa.

Alhamis, da safe

Baduku ya rage igiyar. Ya ce shi fa ya gaji da aikin da masu duba shi suka fi masu biya yawa. Amma ya ƙara ɗinki biyu a bakin ƙugiyar ba tare da na ce ba.

Asabar, da yamma

Na fitar da kofi biyu, na ce in ba a zo ba na sha duka.

Na ji mota. Na ji takun mutum biyu. Ɗaya na ɗana, mai nauyi. Ɗayan na san shi ko a mafarki, sai dai dā bibbiyu take tsallake matakala.

Ta rame. Hannun na rataye a wuyanta da farin ƙyalle. Na kalle shi sau ɗaya na ɗauke ido. Ta ce ɗakin na warin man zafi da tsufa, na ce amaryar da ta yi yaji ba ta da bakin magana. Ta ɗan murmusa. Ba ta kalli kantar ba, inda kyamarar take. Ta zauna ta ba ta baya, ta sha shayi da hagu, kuma ta fi ni iyawa.

Sai da kofi ya ƙare ta ce, wai ina abin.

Ubanta ne ya sa mata ɗamarar, tana gaya masa wace madauri ke bin wace. Muka hau. Ita a gaba, ni a tsakiya da sanda, shi a baya da hannuwa a buɗe kamar mai korar kaji. A kwanar ƙarshe kafin rufi ta tsaya ta jingina. Ta ɗaga murfin da yatsa ɗaya. Ta shafa bakin jakar, ta gane fatar, ta dube ni. Na dubi bango.

Ta zaro, ta kai goshi, ta sauke. Ta sake. Na ga kafaɗunta sun sauko.

Na ce saura ɗaya. Ta ce ta gani a waya, ba sai ta yi ba. Na ce ba ta fita da ita daga benen nan sai ta yi. Ta miƙa hannu saman ramin. Yatsun suka ƙi. Muka tsaya, ƙarar injin Baduku na tasowa daga ƙasa.

"Taka ce fa," ta ce.

Na ce, "Ƙarfe ne da gilashi. In ta fashe, ta fashe. Ni ba ita ke hauro mini bene ranar Asabar ba."

Ta saki.

Kafaɗarta ta dama ta motsa, na gani. Amma ƙafafunta ba su bar wurinsu ba. Kyamarar ta yi tsalle ɗaya a igiya ta tsaya a gefen cinyarta. Ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta jawo ta, ta sake saki. Ta sake. A na ƙarshe ko kallo ba ta bi ta da shi ba.

Ɗana ya tura ƙofar rufi. Hasken yamma ya yi kyau, irin wanda dā nake rufe shago in fita nema. Ta ce mu tsaya can jikin tankin ruwa, ni da ubanta. Na ce hasken na bayanmu, za mu fito baƙi. Ta ce in rufe baki, idona ya mutu. Ta ce uban ya matso, ba bashi nake bin sa ba. Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Ta kifa kyamarar a goshi. Na ji ƙarar maɓallin. Rabona da jin ta.

Ta ce za mu fito a kife. Na ce a juya takarda.

Da za su tafi ba ta cire ɗamarar ba. Ta ce maganaɗisun ya yi rauni, iska mai ƙarfi za ta ɗaga murfin, za ta tsaya wurin Baduku. Ta ce Mai Igiya ta san wani ɗan dutse gajere, wanda ake bi ta baya a sauko da igiya daga sama, in likita ya yarda, ba yanzu ba. Ta faɗa tana kallon ubanta. Ya dubi agogonsa. Sannan ya ce in ranar ta zo shi zai tuƙa.

Lahadi, da safe

Na ɓalla maɓallan rigata da hannu biyu, na ji kamar na yi sata.

Gurbin kan kantar ba komai. Na goge shi, na ajiye kofinta a wurin.